Yadda Za Ka Tsira da Mutuncinka In Akwatin Sauti Ya Yi Maka Gum

Ga ta nan, ga ta nanku. Kun ce ta zo ku ji ta? To ku matso, ta yau darasi ce. Kai mai laftof, da ka sayo ɗan akwatin nan da ake jona wa makirfo da lasifika don ɗaukar murya, ka kunna shi ya yi maka gum, da kai nake. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, ba wanda zai gane ba ka iya ba. Jikana Muntaka ya gwada su duka a ƙofar gidanmu, ina zaune.

Ga yadda abin yake. Baba Shago shi kaɗai ya rage mana a makaɗan gangar noma, irin da ake kaɗa wa 'yan gayya. Ƙafa ta ƙi, 'yarsa ta ce ya koma wurinta Kano da zama, motar azahar za ta ɗauke shi. Gidan haya kuwa ba a kiɗa. Muntaka ya bugi ƙirji ya ce zai ɗauki kiɗan kafin motar ta zo, don a samu abin tunawa.

Mataki na 1: Tara jama'a tukuna

Kada ka kuskura ka gwada kayanka a ɗaka. Gwaji na masu shakka ne. Shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ka aika a kira kowa. Muntaka har tebur ya aro, ya sa tabarau, ya ce a yi shiru. Baba Shago ya rataya ganga ya buga sau uku. Muntaka ya danna don a ji abin da ya shiga. Aka yi shirun kuwa, har lasifikar.

Mataki na 2: Nuna 'yar wutar

A jikin akwatin akwai 'yar wuta koriya. Ita ce gatanka, riƙe ta da kyau. Muntaka ya nuna ta da yatsa ya ce, "Kun gani? Yana aiki."

Baba Shago ya leƙa. "Injiniya, ni ma idona a buɗe yake, amma ba na ganin allura."

In tsoho ya yi maka haka, yi dariya. Wasan jika da kaka ne, ba ya shiga lissafin mutunci.

Mataki na 3: Murɗa duk abin da ke murɗuwa

Dama, hagu, ka sake komawa dama. Zare igiyar lasifika ka hura ramin, ka mayar. Kashe laftof ɗin ka kunna, wannan yana cin lokaci mai kyau, kuma kowa na ganin aiki ake. Shiga wurin da ake zaɓar inda sauti zai fita. Muntaka ya shiga, laftof ta ce ita ba ta ga wani akwati ba, alhali ga shi a gefenta kamar maƙwabta masu gaba. Gumi ya tsattsafo masa, don ya san inuwar darbejiya ta fara tattarewa, azahar na tafe. Kai dai kaɗa kai kawai, ka ce, "Uhm, dama na yi zargin haka."

Mataki na 4: Ɗora laifin a kan wanda ba shi da baki

Zafin rana ne, ko sola ce ba ta cika ba, ko mutanen Kano ne suka cuce ka. Muntaka ya ce zafi ne, aka kawo faifai, dattijo guda ya zauna yana yi wa laftof fifita kamar mai jego.

Mataki na 5: Kada ka saurari matarka

Wannan shi ne ginshiƙi. Asiya, matar Muntaka, ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, in faɗi wata magana?"

"Asiya, aikin ilimi ake."

"Kan igiyar nan ce..."

"Ki kawo wa Baba ruwa."

Ta kawo ruwan, ta koma ta tsaya ta harɗe hannu. Mace in ta tsaya haka, ɗan nan, ta san abin da ba ka sani ba, amma ka daure. Muntaka ya daure har aka kira salla.

Mataki na 6: In ta kama dole, ka tambaya kamar ba tambaya kake ba

Muntaka ya je zaure wai zai ɗauko buta, ya ce wa Asiya ƙasa-ƙasa, "Me kika ce ɗazu?"

Kai baƙo, ka sani, a garinmu igiyar cajin waya ba ta da mai ita. Kamar garwashi take, ana ɗiba gida-gida. Kwana biyu kafin ranar gwaggonsa Maijidda ta aiko aro, Asiya ta zare wadda ke jikin akwatin ta ba ta. Da yamma aka dawo da igiya, baƙa, kai iri ɗaya, ta mayar. Wa ke duba igiya? Ashe wadda aka dawo da ita ta ɗari uku ce, wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar magana. Shi ya sa akwatin ya buɗe ido ya ƙi buɗe baki.

Muntaka ya fito ya gyara tabarau ya ce wa jama'a, "Bincikena ya nuna matsalar kebul ce." Haka ake yi. Kada ka ambaci sunan kowa.

Mataki na 7: Gudu

Nan babu dabara. Muntaka ya tarar da Maijidda a bakin hanya tana jiran mota, za ta kai riɗi Ɗambatta.

"Gwaggo, ina igiyata?"

"Wacce? Mai kaurin nan? Ai ta fi ƙarfin caji, ɗan nan. Ga ta can tana aikin kirki."

Bakin buhun riɗi aka ɗaure da ita, kuma motar ta iso, an riga an cilla buhun sama. Motar da za ta ɗauki Baba Shago ke nan. Muntaka ya haye motar, tabarau ya faɗi, Maijidda na ihu, "Kai, riɗina! In ya zube a gadonka zan kwasa!" Ya kwance, ta cire ɗankwali ta miƙa aka ɗaure.

Direba ya ce minti biyar, yana danna oda. Muntaka ya rugo gindin darbejiya, dama daf da hanya take, ya goge kebul a riga ya jona. Ya ce, "Baba, taɓa." Lasifika ta amsa, har kaji suka watse.

Baba Shago ya kaɗa. Ya kira gonaki da sunayensu, ya kira mazan da suka riƙe garma suka tafi. Fasinjoji suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Direban nan, ashe ɗan manoma ne, ya kashe mota da kansa ya tsaya kai a ƙasa. Minti biyar ta zama arba'in.

Gargaɗi

Ni dai labari na bayar. In ka bi matakan nan akwatinka ya ƙone, ko matarka ta yi mako tana maka dariya, ko aka daina ce maka Injiniya, babu ruwana, kada a zo mini zaure da ƙara.

Baba Shago yana Kano, 'yarsa na kunna masa kiɗan a waya, ya ce odar direba ta fi gangarsa fita. Maijidda ta rasa kasuwar rana, ta sayar da riɗi da yamma tana mita. Asiya kuwa in ta ga igiya sai ta yi murmushi, kuma wannan ya fi damun mijinta. Muntaka ya sayo akwatin ƙarfe da kwaɗo ya kulle kebul ɗinsa. Jiya Maijidda ta aiko aron kwaɗon.