Gogen Turawa a Bikin Hauwa

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwata Hauwa ba. Ko na so in manta, dangi ba za su bari ba.

Lokacin ina ajin ƙarshe a kwaleji, wayewa ta yi mini yawa. Ba a daɗe da kafa dish a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas ba, na ga wasu Turawa a talabijin cikin baƙaƙen kaya suna goga goge, wani a bayansu yana latsa na'ura, dubban matasa suna ihu. Shi ke nan na zama masaniya. Har faifan irin kiɗan na sa aka kawo mini daga Jidda (ban iya karanta sunan wanda ya tsara shi ba, amma ina faɗarsa da ƙarfin hali, ba mai gyara mini).

A danginmu, Gwaggo Asabe ce ke yi wa kowace amarya zaffa, wato rakiyar da ake mata a hankali cikin zauren mata har kan kujerarta. Ita da ƙawayenta ke buga mandiri suna waƙa. Ni kuwa na ce sam.

"Inna, wallahi an daina wannan," na ce wa mahaifiyarmu. "Dangin ango 'yan Khalidiyya ne fa, unguwar masu hannu da shuni. So kike su ce mu 'yan ƙauye ne?"

Gwaggo tana gefe tana shan shayi. Ta ce, "Khalas, shi ke nan, ya binti, ki yi naki. Mu ma mu ga zamani."

Ranar biki na miƙa faifan ga matar da ke kula da lasifikar zauren, na koma can gaba kusa da surukar Hauwa, inda yabo zai fi saurin iso ni. Aka rage fitilu. Goge ya fara, a hankali, mai sanyi. Hauwa ta bayyana cikin farar riga tana taku ɗai-ɗai. Surukar ta ce, "Masha Allah, wa ya zaɓi wannan?" Na sunkuyar da kai irin na masu kunya, na ce, "Ni ce, Khala. Ai sai mai kunne."

A nan ya kamata in faɗi gaskiya: ban taɓa jin kiɗan nan ya wuce minti biyu ba. Kullum ina maido shi farko, don farkon ne ke burge ni.

A minti na uku goge ya ɗauke ɗif. Sai wani dum! dum! da ya girgiza kofuna a kan tebur. Sai jiniya. Jiniya sosai, irin ta motar kashe gobara, tana hawa tana sauka (ashe fasaha ce, in ji masana).

Wata tsohuwa ta ƙwalla, "Hariga! Gobara!"

Jama'a, mata sun fi ɗari, duk an ci kwalliya, ba mayafi, ga tunanin maza masu kashe wuta za su faɗo yanzu. Kowa ta yi kan abaya, tata da wadda ba tata ba. Wata ta yafa ƙyallen tebur. Surukar da ta gama yabona ta ture ni ta wuce da takalmi ƙafa ɗaya. Mai kula da lasifika ita ta fara ficewa. Na ruga wurin na'urar ina ihu, "Kiɗa ne! Kiɗa ne na zamani!" na murɗa wani maɓalli, ƙarar ta ninka.

Hauwa kaɗai ta rage a tsakiyar zaure, riƙe da furanni, tana kallona. Har yau na fi tsoron wannan kallon a kan jiniyar.

Gwaggo Asabe ce ta tako ba gaggawa, ta fizge wayar na'urar daga bango. Ta karɓi mandirinta, ta soma bugawa. Mata suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suna dariya suna musayar abaya, aka raka amarya da guɗa. Da ta zo wucewa ta gabana, ba ta daina bugu ba, ta ce, "Mun ga zamani, Allah ya yi albarka."

Na dai koyi abu guda: duk ranar da za ki wayar da kan dangi, ki fara koyon inda ake kashe na'urar.