Rasuwar Shafin Ɗakin Karatu, Wanda Hotunan Manya Suka Danne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, daidai gwargwado, Baba na Ƙofa, dattijon da ke tarbar jama'a a ɗakin karatu na gwamnati tun kafin a yaye rabin ma'aikatan gidan, yana sanar da rasuwar shafin intanet na wannan ma'aikata. Shafin ya cika ranar Talata da hantsi, a wayar wata malamar makaranta da ke neman littafin yara. Baba bai taɓa zama a aji ba, bai kuma ga abin da ya rasa ba. Mai buga takardu ce ta rubuta wannan sanarwa, amma kowace kalma daga bakinsa ta fito.

Marigayin ɗan gata ne. Ranar sunansa jan ƙyalle aka ɗaura wa kwamfuta, aka yanka da almakashi, aka sha tafi. A nan Darakta ya ce daga yau ba sai an tambayi kowa komai a ƙofa ba. Aka ɗauke bencin Baba aka jefa sito, aka ce ya fara shirin komawa gida. Tun ranar a tsaye yake aiki, da gwiwar nan tasa.

An shaidi marigayin da natsuwa. Duk wanda ya nufe shi sai ya ce, "Ku ɗan jira," ya yi ta juya ɗan zobensa har cajin waya ya ƙare. An shaide shi da riƙon sirri: sunayen littattafan da aka gina shi don ya nuna, ko ɗaya bai fallasa ba. Ga girmama manya, kuma ita ce ajalinsa.

Duk sabon Darakta sai ya kira injiniyoyin nan masu jakar goyo su liƙa hotonsa a goshin shafin, da jawabin maraba. Na tsohon kuwa wa ya isa ya cire? An ƙara masa girma, shi ke sa hannu a takardun mutane yanzu. Shugabannin sassa suka ce su ma ai ba daga sama suka faɗo ba. 'Yan wasan kwaikwayo da masu zane na saman bene suka kawo nasu. Da numfashin marigayin ya fara sarƙewa, injiniyoyi suka ce nauyi ne ya yi yawa. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna, ya ɗauki hoto, aka ɗora a kan sauran. Daga nan ko "Ku ɗan jira" ɗin ba a sake ji ba.

Ya rasu ya bar daraktoci na da da na yanzu, duk suna murmushi, da injiniyoyin da wayoyinsu suka daina shiga, da wata sanarwar gasar karatu da ta tsufa tana cewa "mako mai zuwa". Ya kuma bar Baba, wanda ya binne tafireta, ya binne motar yawo da littattafai, ya binne janareta, kuma ga shi nan daram, da haƙoransa.

Za a yi jana'iza a sito, kusa da tafiretar. Ana roƙon masu ɗaukar gawa kada su fito hannu rabbana: akwai benci a bayan ƙofa, a kansa za a karɓi gaisuwa, kuma ba zai koma ba. Mai son sanin lokaci ya duba shafin. In bai buɗe ba, ya zo ƙofa, ya yi sallama, ya tambayi Baba.