Albashin Riƙe Shebur

Ruwan sama ya sauka a kan gadona da tsakar rana. Ya jiƙa katifa, ya jiƙa keken ɗinkin uwar yarana, ya jiƙa ni. Kuma ba iska ce ta kwashe rufin ba. Ni da kaina na sa aka kwaye shi, sannan manya suka zo suka ɗauke mini kafinta.

Bari in ɗauko muku zancen daga tushe, kada wani ya ce mai faci ya fara taɓuwa.

Rumfata tana bakin mararraba, daidai inda leburori ke taruwa da sassafe. Wani ya zo da diga, wani da cokalin gini, wani da hannunsa kawai da yunwarsa. Shekara da shekaru ina hura taya ina kallonsu, don haka na san wurin kamar tafin hannuna. Kasuwa ce irin ta tumatir. Ran da mota ɗaya ta tsaya wa taron mutane, kafin mai motar ya buɗe baki sun riga sun karya wa kansu farashi. Ran da ake zubin kankare a wani babban gini aka kwashe rabinsu, ragowar sai su ɗora ƙafa kan ƙafa, ka yi musu sallama su amsa da hanci. Bambancinsu da tumatir ɗaya ne, shi tumatir ba ya tambayarka ko da abincin rana a cikin cinikin.

A nan na samo kafintana. Sai-Gobe ake ce masa, kuma ba iyayensa suka raɗa masa ba, waɗanda suka taɓa ba shi aiki ne. Amma hannunsa na da kyau, ƙusarsa ba ta lanƙwashewa. Kwanon ɗakinmu ya yi tsatsa har muna ƙirga taurari daga kwance, uwar yara ta ce ko dai a canja kafin damina ta kankama, ko ta koma ɗakin yara ta bar ni da taurarina. Na sayi sabon kwano. Muka yi ciniki da Sai-Gobe, muka tsaya a kan kuɗin da shi bai yi murna ba, ni ma ban yi murna ba, wanda shi ne alamar ciniki ya yi adalci.

Da safe ya hau, ya ɓamɓare tsohon kwanon kaf, ya sauko yana karkaɗe wando.

Ya ce, "Yaya, bari in leƙa mararraba in samo wanda zai riƙa miƙo mini sabon. Yanzun nan."

Na ce, "Yanzun nan naka ko na sauran mutane?"

Ya yi dariya ya fita. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, babu Sai-Gobe. Washegari na je rumfa na tarar da mararraba fayau, kamar an share. Ba lebura ko ɗaya, sai wani tsoho mai ciwon baya da ke gyangyaɗi. Shi ya gaya mini cewa jiya manyan motoci sun zo sun kwashe kowa. Wai Babban Ranka-ya-daɗe, Uban Marasa Aiki, Garkuwar Masu Zaman Kashe Wando, zai zo ya ga dubban matasan da ya samar wa aiki. Su kuma na ƙasa da shi sun waiga ba su ga matasan ba, shi ne suka zo haya.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Na rufe rumfa na nufi filin da aka kai su.

Jama'a, na ga aiki. Mutane ne jere reras a ƙarƙashin inuwar itatuwa, kowa da riga mai ƙyalli da hular kwano da sabon shebur. Birkila da shebur, mai tura ruwa da shebur, har da wani wanzami da na sani. Ba rami, ba yashi, ba komai a gabansu sai ciyawa. Can a tsakiya na hango Sai-Gobe ya jingina da nasa shebur ɗin kamar wanda ake ɗauka hoto.

Na ce, "Kai! Ɗakina a buɗe yake kamar bakin kada, kai kana nan kana me?"

Ya ce, "Yaya, a hankali, ina bakin aiki."

"Wane aikin?"

"Ga shi kana gani."

"Tsayuwa nake gani."

"To ita ce aikin. Kullum da yamma ake biya, kuma ya ninka abin da nake samu a kan rufi."

"Yaushe za ku fara haƙa?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Kada ka ja mini. Jiya wani ya manta, hannunsa ya saba, ya kafta wa ƙasa shebur. Nan take aka sallame shi. An ce kayan na haya ne, in an gama da mu za a kai su wani wuri, ba a son su yi datti."

Na haɗiye fushi, tunda ni ke da buƙata. Na ce to ya zo ya rufe mini ɗaki, zan ƙara masa wani abu a kan cinikinmu.

Ya girgiza kai kamar mai tausayina. "Yaya, lissafa da kyau. In na bi ka, na rasa kuɗin tsayuwar yau, sai ka biya ni shi. A nan inuwa nake, a wajenka rana ce, sai ka biya kuɗin rana. A nan ko na faɗi a kan ciyawa zan faɗi, a wajenka daga sama ne, sai ka biya kuɗin faɗowa. Sannan in na dawo na tarar an ba wani rigata fa?"

Da ya gama haɗa kuɗin, na ga in na biya shi gara in sayar da ɗakin in sayi laima.

Sai wata dabara ta zo mini. Tunda tsayuwa ta fi faci kawo kuɗi, ni ma ƙafa biyu gare ni. In tsaya in tara, in biya Sai-Gobe da kuɗinsu. Na nemi mai ɗaukar mutane, wani Ƙaramin Ranka-ya-daɗe mai tumbi da takalmi mai sheƙi, yana zaune a kujerar roba ana yi masa fifita da kwali. Na durƙusa na ce ina neman aiki.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya dubi baƙin man da ke rigata, ya dubi kantar hannuna.

Ya ce, "Kai ba ka dace ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun ina yaro nake aikin ƙarfi."

Ya ce, "Ai shi ne matsalar. Ka yi kama da wanda ya sha wahala. Maigirma ma'aikata yake son gani, ba wahala ba. Na gaba!"

Allah ya ƙara wa wannan bawan nasa basira. A duk faɗin rayuwata ba a taɓa hana ni aiki don na iya aiki ba sai a hannunsa.

Aka ce Babban zai zo jibi. Jibi ta zo aka ce ya yi tafiya. Aka sake sa rana, aka ce yana karɓar lambar yabo kan samar da aikin yi. Su kuwa 'yan shebur kullum suna tsaye ana biyansu, har wasu sun fara ƙiba. Unguwa kuma ta rikice. Masu tura ruwa sun tafi tsayuwa, ɗaya da ya rage ya zama kamar likita, sai ka yi masa magiya kafin ya kalli ƙofarka. Masu baro sun jingine barorinsu, baron da ke jingine kuwa tayarsa ba ta fashewa, don haka ni ma ciniki ya tsaya mini. Wato su ana biyansu don ba sa aiki, ni kuma ba a biyana don ba sa aiki.

Na kai ƙara wajen maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, mutumin kirki in ban da son bayani.

Ya gyara tabarau ya ce, "Mai faci, abin a fili yake. Babban mai saye ya shigo kasuwa da kuɗin da ba nasa ba. Ya kwashe hannuwa, hannu ya yi ƙaranci, dole ya yi tsada. Ran da ya sake su, za su dawo gaba ɗaya, farashi ya faɗo. Haƙuri za ka yi, kasuwa na gyara kanta."

Na ce, "Malam, ita kasuwar ta gaya wa hadari ya jira ta?"

Ya ce wannan kuma ba fanninsa ba ne.

Gaskiya ya faɗa, ban ƙi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, balle ni da ɗakin gaba ɗaya ya zama yoyo. Gabas ta fara haɗa baƙi, uwar yara ta fara yi mini kallon da ya fi zagi.

Na ce to, kowa ya iya allonsa ya wanke. Ban iya kafa kwano ba, amma akwai abin da na iya. Rami rami ne, ko a taya ko a rufi. Na kwaso tsofaffin robobin cikin taya da na tara a bayan rumfa, na tsattsaga su, na goge bakunansu, na shafa gam, na liƙa wannan da wancan har suka zama shimfiɗa guda. Na hau tsani na baza ta a kan katakon rufi, na ɗaure gefe da gefe tamau.

Uwar yara ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Malam, ɗaki ne fa, ba keke ba."

Na ce, "Facina bai taɓa zubar da iska ba, ruwa zai zubar?"

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a. In ka gama ka hura shi mu gani."

Kuma wallahi facin bai zubar ba. Wannan ina so a rubuta a ajiye. Da ruwan ya sauko, ɗigo ɗaya bai wuce ba. Na tsaya a tsakiyar ɗaki ina kiran uwar yara ta zo ta ga aikin gwani. Abin da ban lissafa ba shi ne kwano yana tura ruwa ƙasa, roba kuwa tara shi take yi. Sai muka ga rufi ya fara yin ciki. Tun yana kamar ƙwarya, ya koma kamar tulu, ya koma kamar saniya mai shirin haihuwa, yana saukowa a hankali daidai kan gado.

Ta ce, "Malam, mu fitar da keken."

Na ce, "Roba ce, tana da haƙuri."

Na ɗauki muciya in ɗan tura cikin robar sama ruwan ya gangara gefe. Daga nan ban san abin da ya faru ba, sai dai na tsinci kaina zaune a ƙasa, hulata na yawo a bakin ƙofa. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

A ranar nan, cikin wannan ruwan, Babban Ranka-ya-daɗe ya iso. Waɗanda ke wurin sun ce an ji jiniya, an jera su a bakin titi, ruwa na dukansu, kowa ya ɗaga shebur sama. Motoci suka zo suka wuce a guje, suka watsa musu taɓo. Gilashi ko ɗaya bai sauka ba. Har yau ana gardama a kan motar da yake ciki, wasu ma na cewa direbobi ne kawai. Da yamma rediyo ta ce ya gamsu ƙwarai da abin da idonsa ya gani. Mu ma mun gamsu. Shugaban da zai duba dubban ma'aikata ba tare da ya rage gudu ba, ai ba a samunsa ko'ina.

Washegari aka karɓe riga da hula da shebur. Kuɗin ranar ƙarshe kuma aka ce ana kan tantancewa.

Da na je rumfa na ga mararraba ta cika har kan kwalta. Ba 'yan da kaɗai ba, har da baƙin fuska da suka bar gonakinsu da sana'o'insu suka zo don sun ji labarin garin da ake biyan mutum ya tsaya. Mota ɗaya ta rage gudu don ta kauce wa rami, mutum ya kai ashirin suka ɗare bayanta.

Ban nemi Sai-Gobe ba. Shi ya zo, ya tsuguna a gefen rumfa, ya gaishe ni har da tambayar lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Yau ba tsayuwa?"

Ya ce, "Yaya, a bar tone-tone. Ɗakin nan fa bai kamata ya sake kwana a buɗe ba."

Na ce, "Akwai kuɗin rana?"

"Rana ai ta kowa ce."

"Kuɗin faɗowa fa?"

"Allah zai tsare."

Na taya rabin cinikinmu na farko. Kafin ya buɗe baki, wasu kafintoci biyu da ke bayansa suka ce za su yi a ƙasa da haka. Ya karɓa da sauri. Kada kowa ya ce na yi mugunta. Katifa sabuwa zan saya, keken ɗinki yana wajen mai gyara, uwar yara kuma ta ce har ya dawo ni zan riƙa biyanta abin da take samu a ɗinki, tunda yanzu an gano ana biyan mutum ko bai yi aiki ba.

Da za mu tafi na ga hannunsa wayam. Na ce ina jakar kayan aikinsa. Ya sunkuyar da kai. Ashe da ya ga kuɗin tsayuwa na shigowa kullum, ya ɗauka ya zama ma'aikaci ke nan har ritaya, ya sayar da guduma da zarto da abin awo ya sayi takalmi mai sheƙi. Sai da muka biya ta wajen wanda ya saya, ya ba shi hayar gudumarsa ta kansa, kuɗi a hannu.

Ya rufe ɗakin tsaf kafin magariba, ƙusa ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba. Da ya cire kuɗin hayar guduma, ya sallami wanda ya miƙa masa kwano, abin da ya rage bai kai kuɗin mota ba. Da ƙafa ya koma gida, takalmin a hannu, don ya ce yana matse shi. In kun gamu da shi a hanya ku yi masa barka, ku rage gudu kaɗan, yana cikin dubban da aka samar wa aiki.