Saniyar da Tagarku Ta Binne a Dakoro

Zuwa ga Mai Girma Babban Direktan kamfanin da ya ƙera lojisiyel ɗin, wato manhajar, da nake motsa zane da shi, a can ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa.

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan maɓallan gidanka suna zaune inda ka aje su. Sunana Ramla Abdulmumini, mai zanen majigi a Dakoro. Likitan dabbobinmu, Mushe (wato Malam, da Faransanci) Zaharaddini, ya ba ni aikin fim na minti uku don nuna wa makiyaya cewa allurar rigakafi ba ta cutar da shanu. Da yake shi bai iya rubuta wa ordinater, wato kwamfuta, umarni ba, sai na rubuta, na gina masa 'yar taga a cikin lojisiyel ɗinku mai maɓalli shida, ya riƙa danna saniya tana yin abin da ya ce. Ga alheran da na samu a hannunku.

Na ɗaya. Na gode da yalwar da kuka sa wa taga. Duk sanda Mushe ya kira ta, sabuwa take buɗewa a kan tsohuwa. Ranar farko na ƙirga ashirin da bakwai. Littafinku ya bayyana a shafi na ɗari huɗu da tara cewa sai mutum ya rubuta layin da zai kashe tsohuwar da kansa. Ranka ya daɗe, a garinku in baƙo ya dawo gida, sabon ɗaki ake gina masa?

Na biyu. Tagarku ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba, akwati take zanawa a madadinsu. Dole na cire musu ƙugiya. Maɓallin “Ƙara ƙaho” ya koma “Kara kaho”, na “Ɗaure” ya koma “Daure”. Nasiha ce mai kyau, na kuma ɗauka.

Na uku, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ana jajibirin ranar kasuwa na samu rezon intanet mai ƙarfi, lojisiyel ya sabunta kansa ba tare da ya yi mini sallama ba. Ashe a sabon tsarin kun ga dacewar juya lissafi, abin da jiya yake sama ya zama ƙasa. Ban sani ba, don taga ta buɗe lafiya lau, har kun yi mata sabon fenti.

Washegari makiyaya fiye da sittin suka cika zauren taro, wasu tun daga Bader Goula, shugabansu Elhaji Na'Allah yana kujerar gaba. Jar saniya ta fito a bango da ƙahonta zaƙo-zaƙo, har Elhaji ya gyaɗa kai. Aka yi mata allura, ta kwanta ta huta. Mushe ya gyara murya ya ce, “To ku duba yadda za ta tashi da ƙarfinta.” Ya danna “Tashi”.

Saniya ta fara nutsewa cikin ƙasa. A hankali, cikin natsuwa, tana tuƙa. Mushe ya sake dannawa, ta ƙara sauri. Ƙahon ne ya ɓace a ƙarshe.

Can Elhaji ya ce, “Likita, wannan allurar ce za a yi wa namu?” Wani daga baya ya ce, “Ai ko fatar ba a samu ba.” Kafin in kai hannu ga ordinater, takalma sun ƙare a bakin ƙofa.

Na huɗu. Na rubuto muku kuka, aka amsa mini cikin minti ɗaya cewa ra'ayina yana da daraja, in zaɓi tauraro ɗaya zuwa biyar. Shi kuwa Mushe kwana tara ya yi a kan moto, wato babur, yana bin rugage yana rantsuwa. Da rantsuwa ta ƙi, sai ya jawo saniyar mahaifiyarsa tsakiyar kara, kasuwar shanu, ya yi mata allura a gaban jama'a, ya tsaya riƙe da igiyarta daga hantsi har la'asar, mutane na durƙusawa suna leƙen kofatonta. Ba ta nutse ba. Da haka aka samu aka yi rigakafin bana. Tauraro nawa kake ganin ya dace da wannan?

Gyaran kuwa alama ɗaya ce tak na sauya a layi na goma sha huɗu. Amma sunana bai gyaru ba. A kasuwa “Ramla mai binne shanu” ake ce mini. Kawuna Harisu, wanda ya goye ni ina ƙarama, in ya hango ni da jakar ordinater sai ya ce, “'Yata, mu gaisa daga nan,” ya sa a kora garke bayan gida.

Don haka roƙona ɗaya ne. A aiko mini da takarda mai hatimi, wadda za ta ce ku kuka binne saniyar, ba ni ba, in ba mai shela ya karanta ranar kasuwa. In kuma ka fi so ka zo da kanka, marhabin. Elhaji Na'Allah ya ce yana da tambayoyi, ya kuma ce ka taho da shebur.

Taka mai biyayya, wadda ke durƙushe amma ba ta nutse ba tukuna,

Ramla Abdulmumini,
Dakoro.