Bokitin Sadiya

"Amarya, an tashi lafiya? Ya sanyin Dubai?"

"Wace Dubai? Ni kasuwa aka kawo ni a jirgi, tsoho."

Sadiya ke nan, 'yar shekara tara, zaune kan akwati a falon kakanta, Alhaji Mijinyawa, a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, da safiyar ranar da za su koma Kano. Hutun Disamba uwarta ta kawo su, ita da ƙaninta Hafiz, don su ga kakan da suka fi sani a waya, ya kai su bakin tekun da ya daɗe yana cika musu baki da shi. To, ka san mutanenmu da sautu! Wannan abaya, waccan turare, wani ko kunya babu har da fitilar mota. Alhaji kuwa ba ya iya ce wa kowa a'a. Mako guda cur ya ƙare a lungunan kasuwar Deira, yara na bin manya da leda a hannu, teku kuwa kullum sai gobe inshallah. Ni maƙwabcinsa ne, na shigo yi musu sallama, kuma wallahi abin ya ci min rai.

"Kai, ji butulci!" in ji Alhaji. "Ban hau da ke jirgin ƙasa marar direba ba?"

"Ka hau da ni, ka sauke ni a shagon barguna."

"Dogon benen nan fa? Da hannuna na nuna miki."

"Ta gilashin tasi, kana waya da mai kwantena. Ka ce kai ka gina shi."

"Ni na gina shi mana! Larabawa fenti kawai suka yi."

"Da wannan bayan? Jiya ɗankwalina ka sunkuya ɗauka sai da Hafiz ya miƙar da kai."

"Khalas, shi ke nan, na sake ki! Zan auri Bafilipina mai ladabi."

"Ka sako ni tun a filin jirgi. Wace mata ake kawowa yawon amarci a ɗora mata sautun tukunyar girkin Gwaggo Umma?"

"Baki kamar reza! Wa kika gado ne?"

"Kai. Amma ni ba na cewa gobe inshallah."

Nan fa Alhaji ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar. A ɗaki ana jin uwar yaran tana fama da zif ɗin jaka.

"In an koma makaranta me zan ce?" Sadiya ta tambaya, muryarta ta sauka. "Na gaya wa 'yan ajinmu zan taɓa teku."

"Ki ce musu kakanki ya kai ki, kifi ya gaishe ki da Larabci."

"Ƙarya ai sana'arka ce, ni ban koya ba. Ka gaya min kawai, ruwan da sanyi ne ko da ɗumi? Sai in faɗa musu."

Alhaji ya dubi taga.

"Ban sani ba, amarya."

"Kamar ya?"

"Tun kafin a haifi uwarki nake loda kaya a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Ina hango tekun ta bayan kwantena. Ban taɓa sa ƙafa a ciki ba."

Ta ƙura masa ido. Sai ta tuntsire da dariya, har ta kusa faɗowa daga kan akwatin.

"Innalillahi! Ashe kai ma ba a kai ka ba!"

Shi ma ya yi dariyar, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. A ƙasa mai mota ya danna hon, uwar ta leƙo tana cewa yalla, a yi sauri a fito da kaya.

Sadiya ta zuge jakar bayanta, ta ciro ɗan jan bokitin roba da cebur ɗinsa. Tun daga Kano ta taho da su, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Ta ɗora masa a cinya.

"Ungo, tsoho. Ga nawa sautun. Ka je da kanka, kada ka aiki kowa."