Dodon Da Ya Gudu A Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanin matata ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin Gwaram ba za su bar ni ba. A wurin bikin nan ne na nuna fim ɗin ban tsoro na farko da na taɓa haɗawa, kuma shi ne na ƙarshe.

Lokacin ina malamin firamare a Birnin Kudu, a shekarun nan da arzikin man fetur ya shigo, kowane ma'aikaci yana tafiya yana buɗa hammata. Abokaina wasu sun sayi babur, wasu rediyo mai kaset. Ni kuwa silima ce ta shiga raina. Da an ba da hutu sai in faɗa motar haya ta kiya-kiya, sai Kano. Wata rana aka nuna mana wani fim na Turawa mai ban tsoro, na ga wani ƙato kusa da ni ya cire hula ya rufe fuska yana salati. Na fito ina ce wa kaina, to wai me suka fi mu da shi? Dodannin da kakata take ba mu labarinsu sun fi wannan abin nasu muni nesa ba kusa ba.

Ana cikin haka sai wani malami Ba'indiye da ke koyarwa a wata sakandare ya tashi komawa ƙasarsu, ya fito da kayansa yana sayarwa. A ciki akwai wata 'yar kyamarar ɗaukar fim da majigin nuna shi. Kyamarar ba ta ɗaukar murya, zaren fim ɗinta kuma kafin ka shanye kofin koko ya ƙare, sannan sai an aika da shi ƙasar waje ta gidan waya an wanko. Majigin ma ƙwan fitilarsa ya mutu. Duk ya gaya mini gaskiya, bai ɓoye komai ba. Na saya ina murna har da yi masa godiya.

Labarin fim ɗin ba shi da tsawo. Wani ɗan kasuwa ne zai ratse ta cikin duwatsun bayan gari, dodo ya fito daga kogo ya kashe shi. Shi ke nan. (Kada ka tambaye ni laifin da ya yi wa dodon, ni ma ban tambayi kaina ba.) Ɗanlami mai tireda na bakin tasha ya yarda zai zama ɗan kasuwar. Malam Isiyaku, abokin aikina, shi ne mai riƙe kyamara. Dodo kuwa na samu wani gabjejen mai facin keke, Garba, wanda ko ba kayan dodo yara suna kauce masa.

Kayan dodon ni na haɗa su da hannuna. Na ɗinke buhunan garara, na karɓo ƙahon saniya a wurin mahauta, na huda ƙwarya ta zama fuska, na fere rogo na yi haƙora. Jini kuma zoɓo ne mai kauri. Da na ga kafaɗun sun yi fayau, sai na ɗauki wani bargo mai ratsin ja a ɗakin matata Hajara, ban tambaye ta ba.

Labari ya kai Gwaram wurin surukina, Alhaji Shu'aibu, ɗan kasuwar hatsi, mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Da na je gaishe shi, na durƙusa a zaure, sai ya dube ni ta saman tabarau.

“Malam, na ji an ce ka koma ɗan wasa?”

Na ce, “A'a, Baba, Allah ya kiyaye. Ni tsarawa kawai nake yi. Daga nesa nake ba da umarni, kamar injiniya a wurin gini.”

Ya ce, “To madalla. Malami dai malami ne.”

Ranar ɗaukar fim da safe Garba ya zo yana sosa ƙeya, ya ce mahaifiyarsa ta rantse in ya kwaikwayi mutanen ɓoye a bakin kogo kada ya sake taka mata gida. Na roƙe shi, na lallashe shi, ya ƙi. Isiyaku ya dube ni, Ɗanlami ya dube ni. Na ce, “To ai fuska a rufe take, wa zai sani?” Na sa suka yi mini alkawarin ba mai jin zancen, na shiga cikin buhu.

Aiki ya tafi daidai har na kashe Ɗanlami, aka kwarara masa zoɓo. Saura in tsaya a kan gawa in ɗaga hannu sama, fim ya ƙare. Ashe wani makiyayi ya koro shanunsa ta bayan dutsen, kuma a cikinsu akwai wani bijimi da bai ji daɗin ganin wani mai ƙaho a gabansa ba. Abin da ya biyo baya zan faɗa a gaba. Na dai san ina gudu ina ihu, “Isiyaku, kashe kyamarar! Kashe!” Da ƙura ta lafa na tambaye shi, ya ce ai tun tuni ya kashe. Na yarda.

Muka aika da fim wanki, muka zauna jira. Ni kuwa bakina bai zauna ba. Duk wanda na gani sai in ce masa a bikin ƙanin Hajara za a ga abin da ba a taɓa gani ba, masu ciwon zuciya su zauna a gida. Fim ɗin bai dawo ba sai ana gab da biki. Na ɗaga zaren a taga na ga mutane ƙanana kamar tururuwa, na liƙa wannan da wancan da salatif. Ƙwan majigi kuwa sai ranar da za a nuna da safe wani direba ya kawo mini shi daga Kano. Wato ban taɓa kallon fim ɗina ba kafin jama'a su kalla. (Na san abin da kake cewa a ranka. Hajara ma ta faɗa mini shi, ba sau ɗaya ba.)

Bayan sallar isha'i aka ɗaure farin ƙyalle a bangon ƙofar gidan Alhaji, aka tada janareta. Gwaram ta cika wurin maƙil. Maza a gefe, mata a gefe, dangin amarya daga Yalwan Damai an shimfiɗa musu tabarmi a gaba. Aka kawo wa Alhaji kujera, abokansa dattawa suka kewaye shi. Inna, surukata, tana cikin mata, Hajara na kusa da ita da tsohon cikinta na fari. Ni kuma na sha babbar riga, na riƙe lasifika, domin ni zan riƙa ba da labari tunda fim ɗin kurma ne. Isiyaku yana kan majigi, da wani kwanon sha da cokali a gefensa na yin ƙarar ban tsoro.

Da hoto ya bayyana wurin ya yi tsit. Na ƙanƙance murya na ce, “Wani baƙon farke ne, daga ƙasa mai nisa...”

Sai wani ya ɗaga murya daga baya, “Kai, ai Ɗanlami ne mai tireda! Ɗanlami, ga ka can!”

Ɗanlami kuwa, da ya biyo mu bikin, sai ya miƙe tsaye yana ɗaga wa mutane hannu. Aka yi masa tafi. Na ce a raina ba komai, bari dodo ya fito.

Dodo ya fito. Wallahi, na ɗan lokaci abin ya yi aiki. Isiyaku ya karce kwano da cokali, ƙaho ya fara leƙowa daga duhun kogo, na ji mata suna “Innalillahi,” wani dattijo ya janye ƙafarsa daga gaban ƙyalle. Zuciyata ta yi fari. Na ce yau na zama wani abu.

Sai muryar Inna ta tsaga wurin: “Ke Hajara, wancan ba bargon da na saka miki a kayan ɗaki ba ne?”

Dariya ta fara daga ɓangaren mata ta tsallako na maza. Na ƙara ƙarfin murya ina cewa, “Ga shi nan, mai shan jinin bil'adama!” Daidai nan haƙorin rogo ɗaya ya faɗo, dodo ya sunkuya ya ɗauka ya mayar. Da aka kwarara jini wata tsohuwa ta ce, “Wannan zoɓo ya ji kanumfari kuwa?” Gawar Ɗanlami ma ba ta taimake ni ba, don ana gani ta ɗaga hannu ta kori ƙuda.

Duk wannan mai sauƙi ne. Dodo ya taka gawa, ya ɗaga hannu sama, na buɗe baki zan ce “Ƙarshe ke nan,” sai na ga fim bai tsaya ba.

Daga gefen ƙyalle kan bijimi ya shigo. Dodo ya waiwaya. Dodo ya sauke hannu a hankali. Gawa ta miƙe ta haye dutse kamar ƙadangare. Dodo kuwa ya zuba a guje, bijimi na biye da shi, kyamara na bin su ba ta kuskure ko taku ɗaya ba. Bargon Inna ya tashi sama ya sauka a ƙahon bijimi. Buhu ya yage. Ƙwarya ta faɗi ta fashe. Sai ga fuskata, ƙatuwa, ta cika farin ƙyallen nan, baki a wangame, ido kamar za su faɗo. Ban tsira a nan ba. Da na kama reshen wata bishiyar kanya zan haye, tazugen wandona ya tsinke. Gwaram gaba ɗaya, da baƙin Yalwan Damai, da surukaina mace da namiji, suka kalli malamin makaranta yana lilo a reshe, hannu ɗaya a sama, ɗaya yana kokawa da wando.

Ban san lokacin da na ce, “Isiyaku, ka ci amanata!” ba. Na manta lasifika tana bakina. Har tasha an ji.

Mutane suka riƙa faɗuwa a kan juna. Ango yana dukan ƙasa da hannu. Ni dai na tsaya cikin babbar rigata kamar an dasa ni, ina roƙon Allah ya sa janareta ta mutu, ta ƙi mutuwa. Da ƙyar na saci kallon inda Alhaji yake. Ya sunkuyar da kai, ya rufe fuska da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Na ce shi ke nan, na sa dattijo kuka a gaban baƙinsa, gobe zai ce in sawwaƙe wa 'yarsa.

Ya ɗago hannu ya yafuto ni. Na je na durƙusa. Ya sauke rawanin, sai na ga hawaye shaɓe-shaɓe, ga haƙora a waje, har da wani na azurfa da ban taɓa sanin yana da shi ba.

Ya ce, “Injiniya.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

“Daga nesa kake ba da umarni, ko?”

Na sunkuyar da kai. Ya share ido ya ce, “A mayar mana da shi baya. Daga wurin da bijimin nan ya shigo.”

Aka mayar. Aka sake mayarwa. Da dariya ta ɗan lafa, sai na lura da wani abin da ban yi tsammani ba. Mutane suna matsowa kusa da ƙyalle suna nuna duwatsun, suna cewa ga hanyar da suke bi zuwa kasuwar Birnin Kudu, ga kanyar da suke hutawa a gindinta. Sun sha ganin majigi, amma ba su taɓa ganin ƙasarsu da mutumin da suka sani a ciki ba. Kafin a watse, sarkin pawa ya ce in zo in ɗauki rumfarsu ranar kasuwa, wani Alhaji daga Wurno ya ce lallai sai na kai musu dodon nan su ma su gani. Na kai kuwa. Na daina cewa fim ɗin ban tsoro ne, na riƙa cewa na ban dariya ne, kamar da ma haka na nufa. Isiyaku ya ce yatsansa ne ya ƙage a kan maɓalli don tsoro. Har ya yi ritaya ban yarda ba, amma fina-finan da muka yi daga baya duk shi na bar wa kyamara.

Da muka shiga cikin gida a ranar, na tarar da Hajara zaune a bakin gado, ba ta dariya. Na ɗauka maganar bargo ce, na fara ba da haƙuri.

Ta ce, “Rabu da bargo. Kai yanzu da bijimin nan ya cim maka fa?”

Na ce, “Haba, ai ga ni a tsaye kusa da ku lokacin da ake nunawa.”

Ta ce, “Na sani. Ina ganinka da lasifikarka. Amma duk lokacin da aka mayar da shi sai gabana ya faɗi, in ga kamar wannan karon zai kama ka.” Ta dafa cikinta ta juyar da kai, wai kada in ga idonta.

To ka ji. A duk faɗin Gwaram mutum ɗaya fim ɗina ya tsorata, ita ma ba dodon ne ya ba ta tsoro ba. Na zauna kusa da ita, kunyar da ta cika mini ciki ta fara sauka, na ji ban yi asara ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ka tsorata mutane, kada ka gwada a garin da aka san bargon matarka. Kada ka nuna wa surukai abin da kai ba ka kalla ba. In kuma ka ce sai ka zama dodo, to don Allah ka sayi sabon tazuge.