Kishimin da Ya Nemi Mafaka a Hindawiyya

Zuwa ga Mai Girma Mudir, Kamfanin Kiwon Barewa na Ƙahon Zinariya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ƙaramin direba ke yi wa kafilinsa, ubangidan da zamansa a ƙasar nan ke hannunsa, ni ne Ya'u, wanda ka ce kada ya sake taka gonarka. Da yake wayarka ta daina sanin lambata, na ga ya dace in gaishe ka a bainar jama'a.

Na ɗaya. Dokarka ce duk kishimi, wato namijin barewa, da ƙahonsa ya karkace a fitar da shi daga garke, kada ya ɓata iri, a kai shi filin da baƙinka ke harbi. Doka ce mai hikima. Ina dai godiya ga Allah da ba a auna mazan unguwarmu da ita ba.

Na biyu. An ɗora mini wani kishimi mai karkataccen ƙaho a mota, hanya ta bi ta Makka, na tsaya gida a Hindawiyya in ci tuwo. Igiyar da ofishinka ya bayar, ranka ya daɗe, ko kaza ba za ta riƙe ba. Kafin in wanke hannu ya diro, ya bi lungu, ya shige tsakar gidana ya kwanta gindin tankin ruwa. Shin ni na koya masa iyakar Harami?

Na uku. Na ɗauko sanda zan kora shi, sai ga Malam Abdulganiyyu, limamin masallacinmu, da mutane a bayansa. Ya ce, "Ya'u, ajiye. Naman dawa a garin nan ko razana shi ba a yi." Na ce na kamfani ne. Ya ce a nan malamai sun yi saɓani, zai duba littafi. Har yau yana dubawa. Kai ka ce in kamo, shi ya ce haram. Wanne zan saɓa wa, mai riƙe da fasfona ko mai yi mini sallar gawa?

Na huɗu, kuma nan ne zafin. Ya cinye zogalen matata Ɗaso har saiwa, ya ɗanɗana labule, ya tauna takalmina na Juma'a, ƙafar dama. Na zaci Ɗaso za ta tsaya mini. Ashe ita ke yanka masa latas. Ta ce tunda ta zo Makka ba ta taɓa samun baƙon da ya ci abincinta bai kushe gishiri ba, kuma in dole wani ya bar gidan, ai ni na san hanya.

Yanzu saƙonka ya iso, cewa ba za a sabunta mini iƙama, takardar izinin zamana, ba sai na dawo da shi. Ƙofata a buɗe take. Ka zo da kanka bayan La'asar, lokacin da Malam da jama'arsa ke zama a ƙofar gida, ka kora shi. Za mu shimfiɗa maka darduma.

In hakan ya yi nauyi, ga ƙaramin roƙo. Wannan bawan Allah ya shigo Makka ba biza, ba kafili, ɗan sanda bai taɓa tsayar da shi ba, yana ci yana ƙiba. Ina roƙon a ɗaga darajata zuwa tasa.

Naka mai biyayya, har ranar da iƙama za ta ƙare,

Ya'u Direba,
Hindawiyya, Makka, 1437.